Jar Akuyar Habbanaye da Baƙar Leda

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, har in riƙa neman tabarau alhali yana bisa hancina, akwai abu guda da na tabbata zai bar mini: ranar da aka farka cikin jar akuyar Inna a gaban idona. Shekaru sun ja, na koyar a garuruwa da dama, amma har gobe in na hangi baƙar leda maƙale a ƙaya tana kaɗawa, sai in ji raina ya ɓaci kamar an zage ni.

A shekarar da abin ya faru sojoji ne ke riƙe da ƙasa, damina kuma ta yi mana rowa. An turo ni daga Tasawa zuwa wani ƙauye cikin karkarar Korgom, ina sabuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, ga ƙuruciya ga tsiwa. Hatsi bai yi ba. Tun kafin zafi ya kankama rumbuna suka koma fayau, maza masu ƙarfi suka tsallaka Najeriya cin rani, aka bar gari da tsofaffi da mata da yara. An sauke ni a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Kowa Inna yake ce mata, ni ma na bi sahu.

Inna ba ta mallaki komai ba sai jar akuya guda, ita ma ba tata ba ce, ta habbanaye ce. Ga wanda bai sani ba, habbanaye al'ada ce da muka koya wurin Fulani: mai dabba ya ba wanda ba shi da ita aron uwa, ta haihu a hannunsa, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma wurin mai ita. Ba takarda, ba shaida, amana ce zalla. Wata Bafillatana aminiyar Inna, wadda ta daɗe tana kawo mata nono, ita ta bar mata akuyar lokacin da za su yi kudu da bisashensu, wato dabbobinsu, neman haki. Ta ce in ruwa ya sauka za ta komo. Akuyar kuwa ta haifi 'ya mace, ja kamar uwarta, da ɗan farin tabo a goshi.

A shekarar yunwa ba a ɗaure akuya. Ba harawa, ba dusa, ba haki, to me za ka zuba mata? Sai dai a sake ta da safe ta je ta nemi na kanta. Awakin garin kuwa kaf sun san inda ƙamshi yake, wato bayan lakwal ɗinmu. In an buga ƙarfen rekreyasiyo, hutun da yara ke fita da hantsi, masu talla na nan jere a bakin danga: ƙosai, awara, garin rogo da ƙuli, ruwan sanyi, kowanne a ƙulle cikin leda. Waɗanda suka zo da abinci daga gida su ma a baƙar leda suke zuwa da shi. Yaro ya cinye, ya lashe, ya yar. Ledar na ɗauke da ƙamshin mai da gishiri, akuya mai yunwa kuwa ba ta tsayawa bincike.

Ba wai ba ma shara ba ne. An taɓa aiko da umarni daga sama cewa a yi ranar tsabta, wai wani babban soja zai ratsa ta garin. Muka fito da tsintsiya, muka share lakwal tas, muka tara ledojin tsibi guda a bayan kalas, wato aji. Baƙon ya wuce, muka tafa masa. Kafin la'asar guguwa ta zo ta raba tsibin nan gida gida, ta maida kowace leda inda muka ɗauko ta, har da ƙari.

Ba a daɗe ba akuyar Inna ta fara lalacewa. Ciki ya kumbura, ƙashin baya ya fito, ta daina tuƙa. Inna ta ba ta kanwa, ta ba ta jiƙo, ta rage kununta ta zuba mata, duk a banza. Ran da ta kwanta ta kasa tashi, aka kira mahauci ya yanka ta kafin ta tafi haka nan. Ina tsaye ina riƙe masa tasa ya farka tumbin. Ya sa hannu ya jawo wani dunƙule baƙi ƙirin, ya yi ta ja abin na fitowa, sai ka ce tsumman da ya kwana a kwata. Leda ce. Baƙa da fara, sun murɗe da juna sun cika cikin dam, babu inda abinci zai zauna. Har na gane ƙullin mai ƙosan bakin lakwal, don ita kaɗai ke ƙulla leda da kunne biyu.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta zauna bisa turmi ta ce, "Mi zan ce mata?"

Na ce, "Inna, ai ba ke kika kashe ta ba. Kuma ke kika gaya mini in dabbar habbanaye ta mutu ba a biya."

Ta ce, "Na sani, ɗiyata. Ba biya nike ji ba, idonta nike ji. Ta ba ni abu da rai." Sai ta dubi 'yar akuyar da ke zagaya tsakar gida tana kiran uwarta. "Wagga in Allah ya raya ta, ita zan miƙa mata. Kada ta komo ta ishe ni hannu wofi."

Nan take na san abin da ke gabana. 'Yar akuyar nan ta fara tsinkar ganye, dole a sake ta ta yi kiwo, in ba haka ba yunwa ta kashe ta a turke. In kuma aka sake ta, hanyar da uwarta ta koya mata guda ce, bayan lakwal. Ko leda ta bar lakwal ɗinmu, ko ita ma ta bi uwarta kafin ruwa ya sauka. Na rantse a raina ba za ta bi ta ba.

Washegari na ɗauki dunƙulen nan cikin tasa, na rufe, na kai kalas na dire bisa tebur. Ina buɗewa yara suka watse zuwa taga suna toshe hanci. Direkta, shugaban lakwal ɗinmu, ya leƙo da sauri ya ce, "Madam, mene ne wannan kuma?" Na ce, "Darasin yau ne, ranka ya daɗe." Na sa kowane yaro ya zo ya duba da idonsa. Na tambaya gidan wa aka rasa akuya bana, hannuwa suka tashi fiye da yadda na zata. Direkta mutum ne mai gudun rigima, amma da ya ga abin sai ya ce in yi abin da na ga ya dace, shi dai kada a kai ƙararsa. Na kafa doka: daga yau leda ba ta shigo lakwal. Kowane yaro ya zo da ƙoƙonsa, a zuba masa abin da ya saya a ciki. Ruwa kuma ga randa na saya na girke a inuwa.

Mai ƙosai ce ta fara tare ni. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Ke Madam, jiya jiya kika zo garin nan za ki hana mu neman abinci?" Na ce, "Yaya, ban hana ki suya ba. Ki soya har mai ya ƙare. Amma ƙullinki mai kunne biyu na gani a cikin akuyar Inna, in kina so in ɗauko miki ki gaisa da shi." Mata suka kwashe da dariya. Ta yi tsaki, ta ce bakina ya fi wuƙar mahauci, amma washegari da cokali ta zo, ba da leda ba.

Na ɗauka na gama. Ashe ban ma fara ba. Kwana kaɗan sai kalas ya fara raguwa. Yau babu wannan, gobe babu wancan, waɗanda suka zo kuma rabinsu ba ƙoƙo, sai baƙar leda a ɓoye cikin riga. Na bi wani dattijo har gida in ji dalilin da ya hana jikokinsa zuwa. Ya ce, "Madam, ɗiyan gidan nan ba su ratsa gari da ƙoƙo a hannu kamar masu zuwa layin rabon agaji. Ba mu kai nan ba." Na fito ina huci, ina cewa a raina girman kai ne kawai na mutanen da ba su da na cin yau.

Sai na koma tsayawa a ƙofar kalas kowace safiya ina ƙwace leda. Akwai wata yarinya, ita ce ta fi kowa ƙoƙari a kalas ɗin, shiru-shiru, kullum da baƙar ledarta a ƙulle tamau. Ranar ta ɓoye ta a bayanta. Na miƙa hannu, ta ƙi. Na daka mata tsawa, ta miƙo. Ina karɓa na ji ba nauyi. Allah ya taimake ni ban buɗe a gaban yara ba, sai da na zauna na sa ta ƙarƙashin tebur na kwance. Ɓawon gyaɗa ne. Ɓawo zalla, ko ƙwaya ɗaya babu. Kullum shi take ƙullowa, in an fita rekreyasiyo ta koma gefe ta juya baya tana motsa baki, don kada a ce gidansu ba a ɗora tukunya ba.

Na ɗago, muka haɗa ido. Ban taɓa ganin roƙo irin wanda na gani a idon yarinyar nan ba. Na ɗaga murya na ce, "Iye, ƙuli-ƙuli! To na ci ki tara, ni zan cinye shi. Ki zo ki karɓi nawa abincin, mun yi musanya." Na jefa ledar cikin jakata. Da ƙyar na kai ƙarshen darasin.

Ranar na gane abin da dattijon nan yake gaya mini. Baƙar leda tana yi wa mutanen garin wani aiki da ƙoƙo ba ya yi: ba a ganin cikinta. Wanda ya zo da dafaffen ganyen tafasa, da wanda ya zo da anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ba a ci sai yunwa ta kai maƙura, da wanda bai zo da komai ba, duk baƙar leda ta daidaita su. Buɗaɗɗen ƙoƙo kuwa shelar gidanku yake yi tun daga ƙofar gida har lakwal.

Na koma gida raina a jagule. In na janye doka, 'yar akuya ta tafi. In na tsaya a kanta, yara sun tafi. Amma ni tun ina ƙarama an san ni da taurin kai, kuma ban ga dalilin da zai sa sai na zaɓi ɗaya ba. Ina zaune ina saƙawa ina kwancewa, sai ga Inna ta fito da kwano rufe da faifai za ta miƙa wa maƙwabciya ta kan danga, kamar yadda suka saba. Na ce, "Inna, me ke ciki?" Ta harare ni ta ce, "Ina ruwanki?" Na yi tsalle na miƙe har ta tsorata. Murfi! Ƙoƙo ba shi da laifi, murfi ne babu.

Kaba kuwa ba abin da muka fi ta a ƙasarmu, ko fari bai hana ta tsiro ba, kuma babu macen garin da ba ta iya saƙa ba. Na zayyana wa Inna komai, har da ɓawon gyaɗa, ban dai faɗi ko ɗiyar wa ce ba. Ta ce, "Murfi ya raka yaro hanya. To in an zo ci fa? Ai sai an buɗe." Muka zauna muka yi ta juya maganar har muka samo bakin zaren. Za a kafa zana a bayan kalas, a ajiye babbar ƙwarya a ciki. Kowane yaro ya shiga shi kaɗai da rufaffen ƙoƙonsa, ya juye abin da ya kawo. A haɗa duka a kwaɗa, a raba daidai. Wanda zai zauna bayan zanar ya zama mai riƙe baki. Inna ta ce, "Ni zan zamna. Abin da na gani a garin nan ban faɗa ba ya fi wannan."

Saura iyaye. Na roƙi maigari ya tara mini su a gindin gawon ƙofar gidansa. Na zo da ƙoƙo biyu, kowanne rufe da ɗan faifai ɗaure da zare, na ajiye gaban dattijon nan mai jikoki. Na ce, "Baba, ɗaya da abinci, ɗaya wofi. Nuna mini mai abincin, amma kada ka taɓa." Ya duba wannan, ya duba wancan, ya shafa gemu, ya nuna na dama. Na ce, "Ka tabbata?" Ya koma na hagu. Mutane suka fara dariya. Ya ce, "To buɗe mu gani mana." Na ce, "Ba a buɗewa, Baba. Maganar ke nan da ta kawo ni." Ya dube ni ya ce, "Ke dai Madam ba a kayar da ke. Gobe suna tahowa."

Lokacin aikin hannu ya koma na saƙa. Uwaye suka zo da kaba suka koya wa yara, maza da mata, kowa ya saƙa murfinsa ya sa alamarsa. Mu malamai muka riƙa zuba garin rogo da ƙuli daga namu. Mai ƙosai, wadda ta ce bakina ya fi wuƙa, ita ce kullum take zagayowa ta bayan zana ta juye ɓarɓashin kaskonta, ta wuce tana ɓata rai kamar an tilasta ta. Ba zan ce kowa ya ƙoshi ba, loma kaɗan ce, wata rana ma ɗacin anza ya rinjayi komai. Akwai kuma mai kanti da ya janye ɗansa na ɗan lokaci, wai ba zai ciyar da gari ba. Amma kalas ya cika.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata dabara da Inna ta ƙirƙiro ba tare da ta gaya wa kowa ba. Duk yaron da ya shiga, sai ta karɓi ƙoƙon ta buga shi a bakin ƙwarya, ƙwal ƙwal, kamar mai kakkaɓe saura. Da abinci ko babu, ƙarar iri ɗaya ce. Na waje ba abin da suke ji sai ƙwal ƙwal. Ranar da yarinyar nan mai ɓawon gyaɗa ta fito daga bayan zana tana lilo da ƙoƙonta, ta shiga layi tana ture-ture da ƙawayenta, sai na juya na shiga kalas ina gyara tebur da ba abin da ya same shi.

Tsofaffin ledojin da suka cika gari kuwa muka bi su da ƙugiya, muna sauko da su daga aduwa da magarya. Yara suka tufka su igiya, aka riƙa ɗaure danga da ita. Ba mu gama da su ba, don duk ranar kasuwa sai 'yan kabu-kabu masu babura sun shigo da sabbi. Wata ranar kasuwa ma ina cikin darasi na hango 'yar akuyar Inna ta taga, da baƙar leda tana lilo a bakinta. Ban san lokacin da na yar da alli ba. Na fita a guje, zani a hannu, yara na biye da ni suna ihu. Na danne ta a ƙasa, na cusa yatsu cikin bakinta, ta tauna ni son ranta, na jawo ledar a hankali har ta fito duka, doguwa, jiƙe da yawu. Daga ranar aka laƙaba mini Madam uwar awaki. Ban ji haushi ba ko kaɗan.

Da Allah ya nufa, ruwa ya sauka. Ƙasa ta yi kore, Fulani suka fara komowa. Wata safiyar Lahadi muna tsakar gida aka yi sallama. Aminiyar Inna ce. Da ƙyar na yarda ita ce wadda ake ba ni labari, don ta rame ta yi baƙi, ba ƙwaryar nono a kanta, sai sanda kawai. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Inna ta tambayi bisashe. Matar ta dubi ƙasa ta ce, "Sun ƙare a hanya. Shanu da awaki, duka." Ba ta tambayi akuyarta ba, ko waiwaya turke ba ta yi ba.

Inna ta gaya mata komai, ba ta rage ba. Matar ta ce, "Wanda ya ba da ita shi ya karɓa. Babu komi tsakanina da ke." Inna ta tashi ta zagaya bayan ɗaki, ta jawo 'yar akuyar da igiyar kaba. Ta girma, gashinta na sheƙi. Ta sa igiyar a hannun aminiyarta.

Matar ta janye hannu ta ce, "A'a. Ɗiya taki ce, haka aka gada. Ba ni karɓar abin da ba nawa ba."

Inna ta ce, "Na san tawa ce. Don tawa ce zan ba ki. Habbanaye ce. In ta haihu ɗiyan naki ne, ki maido mini uwar."

Matar nan ta durƙusa, ta kama kan akuyar, ta sa ɗan yatsa bisa farin tabon goshinta. Ta ce duk awakin da ta gada wurin uwarta da wannan tabon suke, ta ɗauka ba za ta ƙara ganinsa ba. Sai ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Ni kam ban rufe komai ba, kuka na yi sosai, har Inna ta ce in tashi in ba mutane wuri.

Abin da na koya a garin nan ya fi abin da na koyar. Na je ina ganin leda shara ce kawai, ashe har shara tana da aikin da take yi wa mai ita. In kana son raba mutane da abin da ke cutar da su, tsawa ba ta isa ba, sai ka gano abin da yake rufa musu, ka ba su wani murfin. Kuma kada wani ya ce mini leda guda ba komai ba ce. Leda guda na zaro daga bakin 'yar akuya, zarowar nan ce ta sa tsohuwar da ba ta da komai ta ba da habbanaye, ita ce kuma ta hana garken wata baiwar Allah ƙarewa.